Kalmar “thusly”: ma'anarta, asalinta, da ko ta dace da kundin digiri

Wata ɗaliba mai haɗa kundin digiri na biyu a fannin wayar da kan manoma ta turo mini hoton shafi ɗaya daga babi na huɗu na aikinta. A tsakiyar shafin akwai jimlar da ta rubuta kafin ta kawo maganar wani manomi da ta yi hira da shi: “One farmer described the problem thusly:” Malamin da ke duba aikin ya zagaye kalmar ƙarshe da jan biro har sau biyu, ya rubuta a gefe cewa babu wannan kalma a Turanci. Ita kuwa ta ce ba ƙago ta ta yi ba, a wata maƙala da aka buga a mujallar ilimi ta Amurka ta gan ta, ta yi mata daɗi, ta ɗauka. Abin da take son sani shi ne ko kalma ce ko ba kalma ba ce, me take nufi, kuma wa ke da gaskiya tsakaninta da malaminta.

Ƙanwata, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Na daɗe ina koyar da nahawun Turanci, kuma na lura irin waɗannan kalmomi na gefen hanya su ne suka fi nuna wa mutum yadda harshe ke tafiya. Ga amsar a gajarce kafin in warware ta. Kalma ce. Tana cikin ƙamus na Oxford, tana cikin na Merriam-Webster na Amurka, kuma ta haura shekara 150 ana rubuta ta. Ta wannan fuska malaminki bai faɗi daidai ba. Amma da ni ke duba kundin, ni ma cewa zan yi ki cire ta, sai dai dalilina ya bambanta da nasa, kuma ina so ki fahimci dalilin sosai domin zai yi miki amfani a kan kalmomi da yawa ban da wannan.

Mu fara da uwarta, wato “thus”. Wannan tsohuwar kalma ce, tun Turancin da aka yi magana da shi a Ingila sama da shekara 1000 da suka wuce tana nan, kuma ba ta sake kama sosai ba. Aiki biyu take yi, kuma mai jin Hausa ya fi kowa saurin gane su, domin mu ma “haka” ce ke ɗauke da su, sai dai mu mun raba su da kalmar da muke sa wa a gabanta. Aiki na farko shi ne “kamar haka” ko “ta haka”: kina nuna yadda ake yin abu, ko kina shirin kawo maganar wani. In malami ya ɗaga alƙalami ya ce wa yaro “Hold it thus”, yana nufin riƙe shi haka, kamar yadda kake gani a hannuna. Aiki na biyu shi ne “saboda haka” ko “don haka”: kina kawo sakamako. “The rains came late, thus the harvest was poor.” Damina ta makara, saboda haka amfanin gona bai yi kyau ba. Ma'ana ta farko ce ta asali, ta biyun daga jikinta ta fito, kamar yadda tamu “saboda haka” ta fito daga “haka”. A harshen mutanen Holan, wanda ɗan'uwan Turanci ne na kusa, kalmar “dus” da ke tushe ɗaya da ita ta karkata zuwa ma'ana ta biyu, yau kusan “saboda haka” kawai take nufi.

“Thusly” aiki na farko kaɗai ta ɗauka. Ma'anarta “kamar haka”, “ga yadda”. Kuma tana da wurin zamanta a jimla da ba ta cika barinsa ba: bayan aikatau na faɗa ko na bayyanawa, irin su “described”, “explained”, “put it”, “replied”, sannan ruwa biyu (:) su biyo baya, sannan maganar da ake son kawowa. Wato daidai yadda kika yi amfani da ita. Ban ga kuskure ko ɗaya a ginin jimlarki ba. Kin kwaikwayi masu amfani da kalmar yadda suke yi.

Wuraren da ba ta shiga su ma ki san su. Ba a cewa “thusly far” a maimakon “thus far”, wato “zuwa yanzu”. Ba ta zama daidai a irin “thus reducing the cost”, inda ake nuna abin da wani aiki ya haifar. Kuma in kika ga wani ya buɗe jimla da ita yana nufin “saboda haka”, to ko masu kare kalmar ba za su tsaya masa ba, domin ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Wajen furuci, gaɓa biyu ce, nauyin yana kan ta farko. Sautin farko irin na “this” da “that” ne, harshe tsakanin haƙora, murya na kaɗawa. Mu Hausawa mukan mai da shi “z”, mu ce “zos”. Ana fahimtar mu, amma tunda za ki tsaya gaban malamai ki kare kundi, ki gwada shi a gaban madubi har sai kin ga bakin harshenki ya leƙo.

To me ya sa ake ƙin ta? Hujjar masu ƙi mai sauƙi ce, kuma ba ta banza ba ce. Ɗafin “-ly” aikinsa ya ɗauki sifa ya mai da ita bayanau: “slow” ta zama “slowly”, “careful” ta zama “carefully”. Ita kuwa “thus” bayanau ce tun fil azal. In ka ƙara mata “-ly” ka ɗora hula a kan hula. Babu abin da ɗafin ya zo ya gyara, domin ba abin da ya ɓaci.

In ana bin lissafi, magana ta ƙare a nan. Sai dai harshe ba lissafi yake bi ba, kuma nan ne nake so mu ɗan zauna.

A tsohon Turanci, kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066 da kuma ɗan lokaci bayan haka, hanyar da aka saba yin bayanau ita ce a ƙara wa sifa wasalin “-e” a ƙarshe. “Fæst” sifa ce, “fæste” bayanau. “Heard” sifa, “hearde” bayanau. Akwai kuma wani ɗafi, “-lic”, da ake yin sifa da shi, wanda asalinsa cikakkiyar kalma ce mai ma'anar jiki ko siffa. Har yau a Jamusanci “Leiche” gawa take nufi, kuma a tsofaffin majami'un ƙauyukan Ingila akwai wata ƙofa mai rufi a bakin maƙabarta da ake kira “lychgate”, inda ake ajiye makara a jira limami. Tushe ɗaya ne duk. In aka ƙara wa wannan “-lic” ɗin wasalin bayanau sai ya zama “-lice”, wanda shi ne kakan “-ly” ta yau. Kin ga ke nan “-ly” da muke ɗauka alamar bayanau ce tsantsa, da can “mai jikin abu kaza” ko “mai siffar abu kaza” take nufi, shi ya sa har yanzu akwai sifofi masu ita, kamar “friendly” da “lovely”, waɗanda ba bayanau ba ne ko kaɗan.

Sai wani abu ya faru. A hankali Turawan Ingila suka daina furta wancan “-e” na ƙarshen kalma, zuwa wajen ƙarni na 15 ya ɓace daga baki. Da ya ɓace, “fæst” da “fæste” suka zama abu ɗaya, “fast”. “Hard” ta zama sifa kuma bayanau. Haka “long”, haka “late”, haka “deep”. Aka wayi gari da tarin bayanau marasa wata alama a jikinsu, ga kuma “-ly” tana ta yaɗuwa, har ta zama ita ce alamar da kowa ya sani. Daga nan mutane suka fara jin cewa bayanau marar “-ly” kamar tsirara yake. Wasu kalmomin aka yi musu tagwaye, kowace ta kama hanyarta: “hard” da ƙarfi, “hardly” da ƙyar, “late” a makare, “lately” kwanan nan, “near” kusa, “nearly” saura kaɗan. Ki riƙe wannan, domin shi ne abin da ya faru da “thus” da “thusly” daga baya.

Masu rubuta littattafan nahawu na ƙarni na 18 suka ƙara wa abin ƙarfi. Robert Lowth, malamin coci da ya zama Bishop na Landan daga baya, ya fitar da ɗan littafinsa na nahawu a 1762, a ciki ya soki amfani da sifa a wurin bayanau, har ya kawo misalai daga manyan marubutan da suka gabace shi ya ce ba su yi daidai ba. Littattafan makaranta suka gaji wannan ra'ayi, suka kai shi Amurka, suka kai shi duk ƙasashen da Ingila ta mulka, har ajin da ni da ke muka zauna.

Na ga ƙarshen wannan gado da idona. Wata shekara ina makin jarrabawar 'yan aji ɗaya, na tarar wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta “He ran fastly to the house.” Na ja layi a ƙarƙashi. Da na raba takardu sai ya biyo ni har bakin ofis, takardar a hannunsa, ya ce cikin ladabi: “Malam, ai kai ka ce mana bayanau da -ly yake ƙarewa.” Na tsaya na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa, haka na rubuta musu a allo makonni uku da suka wuce. Yaron bai yi sakaci ba, ƙa'idar da na ba shi ya bi har inda ta kai shi. Tun daga ranar na daina koyar da ita a haka. Yanzu nakan fara da “fast” da “hard” da “soon” da “thus”, in ce ga waɗanda ba sa bukatar komai, sannan in zo kan masu ɗafi.

Kada ki ɗauka Turanci kaɗai ke wannan hali na ƙara alama a inda alamar ta riga ta kasance. Hausa ma ta yi, kuma ba wanda yake jin kunyar sakamakon. “Mala'ika” a Larabci jam'i ne, tilonsa “malak”. Mu muka ɗauke shi a matsayin tilo, domin kunnenmu bai ji alamar jam'i a jikinsa ba, muka sake yi masa namu jam'in muka ce “mala'iku”. Balarabe zai iya cewa mun ɗora jam'i a kan jam'i, kuma ta fuskar tarihi da gaskiyarsa, amma ba Bahaushen da zai ce “mala'iku” ba kalma ba ce. Masanin Hausa Paul Newman, wanda ya yi aiki a Kano a shekarun 1970, ya nuna cewa sunaye mata da dama irin su “zuciya” da “tunkiya” da can ba su da wannan “-iya” ɗin. Sun riga sun kasance jinsin mace, aka ƙara musu ɗafin don macen ta fito fili. In kina son shaida ki dubi “a zuci” da “zukata” da “tumaki”, inda ɗafin ba ya nan. A maganar yau da kullum kuma mukan ce “amma sai dai” ko “kamar misali”, alhali ɗaya daga ciki ta isa. Mai magana yana son abin da yake nufi ya fito ƙarara, ko da zai faɗe shi sau biyu.

Yanzu ga labarin ita “thusly” ɗin, kuma labari ne na Amurka. Merriam-Webster ya ba da 1865 a matsayin shekarar da aka fara ganin ta a rubuce, shekarar da yaƙin basasar Amurka ya ƙare. A wancan zamani akwai wani salon barkwanci da ya mamaye jaridun ƙasar: marubuci ya ɗauki sunan aro, ya yi rubutu da muryar mutumin da bai yi karatu mai zurfi ba amma yana son a ce ya iya, yana karya ƙa'idar rubutu da gangan, yana jawo manyan kalmomi yana sa su a inda ba su dace ba. Abin da mu za mu kira ƙaryar Turanci. Fitattu a cikinsu su ne Charles Farrar Browne, mai rubutu da sunan Artemus Ward, da Henry Wheeler Shaw, mai rubutu da sunan Josh Billings. Don ki san girman farin jinin salon: ranar 22 ga Satumba 1862, da Shugaba Abraham Lincoln ya tara ministocinsa zai gabatar musu da sanarwar farko ta 'yanta bayi, sai da ya fara karanta musu wani babi na barkwancin Artemus Ward kafin ya shiga maganar. A cikin irin wannan rubutu “thusly” ta fara bayyana, kuma da waɗannan marubuta ake danganta yaɗuwarta. Shi Ward yana son wasa da “thus” ƙwarai, har akwai “thusness” a cikin laccarsa. Abin dariyar a lokacin shi ne mutum ya ɗauki kalmar da ta riga ta yi nauyi, kalmar wa'azi da shari'a, ya ƙara mata ado don ya burge, adon kuma ya tona masa asiri.

Kuma lalle “thus” mai nauyi ce a kunnen mai jin Turanci. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, ta zamanin Sarki James, “thus saith” ita ce mabuɗin maganar Ubangiji a bakin annabawa, ana maimaita ta ɗaruruwan lokuta. Mutanen da suka tashi da wannan a kunne, in suka ji “thus” a ƙarshen jimla, mumbari suke tunawa.

Da shekaru suka ja, masu karatu suka manta cewa wasa ake yi, kalmar kuma ba ta mutu tare da wasan ba. 'Yan jarida suka ɗauke ta, musamman masu rubutun wasanni da na sharhi, daga nan ta shiga rubutun malaman jami'a, har ta kai ga mujallar da kika karanta. Kalma ba ta rayuwa shekara ɗari da hamsin in ba ta da aikin yi, kuma aikinta a ganina a fili yake. Dubi wannan jimla: “He thus described the meeting.” Me ake nufi? Saboda haka ya bayyana yadda taron ya kasance, ko kuwa ga yadda ya bayyana taron? Duka biyun suna yiwuwa, sai kin duba abin da ya gabata. Amma “He described the meeting thusly:” ba ta da fuska biyu. Bambancin da Hausa ta yi tun tuni tsakanin “saboda haka” da “kamar haka”, shi wasu Amurkawa suka samar wa kansu ta hanyar ƙara “-ly”. Ga kuma daɗin baki: jimla in ta ƙare da “thus” tana tsayawa kwatsam kamar an taka birki, gaɓa ta biyun tana sassauta tsayuwar.

Masu kula da ƙa'idar rubutu a Amurka ba su yarda da wannan uzuri ba, kuma har yau yawancinsu ba su yarda ba. Ƙamus ɗin American Heritage, wanda ya fara fitowa a 1969, har zuwa 2018 yana da kwamitin marubuta da editoci da malamai da yakan tambaya ra'ayinsu a kan kalmomin da ake gardama a kai. A shekarun 1960 mafi yawansu suka ƙi “thusly”. Da aka sake tambayar su a 2002, kashi 86 cikin 100 suka ƙi ta, kuma a jimlar da aka gwada su da ita kalmar tana zaune ne daidai irin zaman da ta yi a jimlarki, kafin ruwa biyu da maganar wani. Bryan Garner, lauya kuma mai littafin ƙa'idojin amfani da Turanci da editocin Amurka ke yawan dubawa, ya sa ta cikin jerin waɗanda yake kira ba kalmomi ba. Kin ga malaminki ba shi kaɗai ba ne, yana da manya a bayansa. A ɗaya ɓangaren, editocin Merriam-Webster a littafinsu na amfani da kalmomi na 1989 sun tattara misalai daga rubuce-rubucen da aka buga, suka kammala da cewa ko daga ina ta fito, yanzu ta zama bayanau mai zaman kanta da ke da nata aiki a daidaitaccen rubutu.

Ni ina tare da mutanen Merriam-Webster a kan bayanin abin da ke faruwa, domin shaidar tana gabansu. Cewa abu ba kalma ba ne alhali dubban mutane suna rubuta shi, masu karatu suna gane shi, yana da ma'ana tsayayya da wurin zama tsayayye, wannan magana ce ta ɓacin rai, ba ta bincike ba. Kuma tarihi ya sha kunyata irin wannan hukunci. “Firstly” da kowane ɗalibi ke buɗe sakin layi da ita a yau, marubucin Ingila Thomas De Quincey ya tsane ta a ƙarni na 19, yana ganin “first” ta isa. “Overly” ma an daɗe ana yi mata kallon baƙuwa a Ingila, yau ba mai ɗaga gira. Wasu kuwa ba su yi sa'a ba: “muchly” ta tsufa a harshen amma sai a raha ake jin ta, “seldomly” kuma har yanzu edita zai goge ta. “Thusly” tana tsakiya, ba ta shiga gari ba, ba a kuma kore ta daji ba.

To me ya sa na ce ki cire ta? Domin ba tarihin harshe kike rubutawa ba, kundi kike rubutawa a kan manoma, kuma duk kalmar da za ta janye hankalin mai karatu daga manoman zuwa kanta ta cuce ki. In sama da mutum takwas cikin goma na ƙwararrun masu karatu a ƙasar da aka haifi kalmar suna yamutsa fuska in sun gan ta, me kike tsammani a nan, inda makarantunmu da jarrabawoyinmu suka ginu a kan Turancin Ingila? A Ingila kusan ba a amfani da ita sai da niyyar raha, ko don a kwaikwayi Ba'amurke. Mai jarrabawa na waje da zai karanta kundinki zai iya ɗauka ba ki san “thus” bayanau ba ce, kuma ba za ki kasance a gefensa ki yi masa bayanin Josh Billings ba. Haka nan ƙannenki masu zana WAEC ko NECO, ko masu shirin IELTS, ki gaya musu su san ma'anarta in sun gamu da ita a karatu, amma kada su rubuta ta.

Abin da ya fi muhimmanci da za ki ɗauka daga wannan shi ne yadda ake duba ƙamus. Ɗalibai da yawa in sun ga kalma a ciki sai su rufe littafin su ce an gama. Kasancewar kalma a ƙamus shaida ce cewa ana amfani da ita, ba izini ba ne a sa ta ko'ina. Kusa da kalmar akwai 'yan ƙananan alamomi, sau da yawa da rubutun gicciye, su ne ke gaya miki gidan da kalmar take. “Informal” ta hira ce da rubutun da ba na hukuma ba. “Nonstandard” ana faɗa amma masu ilimi ba su karɓe ta ba. “Archaic” ta tsufa, sai a addu'a ko waƙa ko shari'a. “Obsolete” ta mutu. “Rare” tana da rai amma da wuya a gan ta. “Chiefly US” ta Amurka ce galibi. In kika duba “thusly” a ƙamus na Oxford na yau da kullum za ki ga alamar farko a jikinta. Kamar tufafi ne: rigar da kike sawa a tsakar gida riga ce ta gaskiya, ba wanda zai ce ba riga ba ce, amma ba da ita za ki je kare kundi ba.

Game da malaminki kuwa, shawarata kada ki kai masa ƙamus ki buɗe a gabansa. Hukuncinsa a kan shafin daidai ne ko da hujjar da ya rubuta a gefe ta yi gajarta, kuma mutumin da ya zauna ya karanta babinki kalma bayan kalma har ya kama wannan ya cancanci godiya. Ki gyara, ki mayar masa. In wata rana hira ta kawo, bayan an sa hannu a kundi, kina iya ce masa, “Malam, ashe kalmar nan tana da labari,” ki ba shi. Yawancin malaman da na sani suna jin daɗin irin wannan in an kawo musu shi ta hanyar da ta dace.

Gyaran kansa ba wuya. “One farmer described the problem as follows:” shi ne mafi dacewa da rubutun jami'a, ba wanda zai taɓa shi. “Thus” ita kaɗai ma ta yi, in kina son nauyinta. Ni dai da zan zaɓa miki, “One farmer put it this way:” zan ɗauka. Maganar da ke biye ta manomi ce, na tabbata da Hausa ya yi miki ita a bakin gonarsa kika fassara, kuma na karanta ta a hoton: magana ce madaidaiciya, mai ciwo, a kan taki da ya iso bayan shuka ta wuce lokacinsa. Irin wannan magana ba ta bukatar a yi mata shimfiɗa da kalma mai ado. A buɗe mata ƙofa kawai ta shigo.

Akwai wani abu kuma a hoton da ba ki tambaya ba. A layi na biyu daga ƙasan shafin kin rubuta cewa wasu manoma “outrightly rejected” sabon irin, kuma jan biron bai taɓa wurin ba. Ban yi mamaki ba, domin wannan tamu ce, kunnenmu ya saba da ita. “Outright” bayanau ce da kanta, kamar “thus”, ma'anarta gaba ɗaya, kai tsaye, ba tare da ja-in-ja ba. “Outrightly” ba a rasa ta a wasu ƙamusoshi, amma a Ingila da Amurka da wuya ki ci karo da ita, alhali a jaridun Nijeriya kullum tana nan. Abin da Amurkawa suka yi wa “thus” shi muka yi wa “outright”, kuma dalili ɗaya ne. Muna da wasu irinta: “instalmentally” don biya kashi-kashi, inda Bature zai ce “in instalments”, da kuma “severally” da muke nufin sau da yawa. Wannan ta ƙarshe har ta samu shiga: a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya ƙara kalmomi da ma'anoni 29 daga Turancin Nijeriya, ciki har da “Kannywood” da “okada” da wannan ma'ana tamu ta “severally”. Na yi murna da hakan, domin amincewa ce cewa mu ma masu harshen ne yanzu, ba 'yan aro kaɗai ba. Amma ki kula da ita, domin a wajen Nijeriya “severally” na nufin ɗaya bayan ɗaya, kowa daban, kuma a takardar yarjejeniya “jointly and severally” na nufin ana iya bin ku bashin a tare ko a kama mutum ɗaya a cikinku ya biya duka. Wanda ya karanta wannan da ma'anarmu ya sa hannu zai iya shiga uku.

Tunda kina fatan fitar da maƙala daga kundin nan zuwa mujallar waje, ki gyara wannan layin ma tun yanzu. Ki cire ɗafin, ki mai da kalmar bayan abin da aka ƙi: “rejected the new variety outright”. Sannan ki buɗe babin a kwamfuta, ki sa ta nemo miki duk kalmar da ta ƙare da “ly”, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ki tambaye ta: in na cire miki wannan, sifa za ki koma, ko dama can bayanau ce ke? In kika yi shakka a kan wata, turo mini jimlar gaba ɗayanta, ba kalmar kaɗai ba.